Kanwa, Zoɓo da Ƙwayar Hawan Jini: Abin da Ke Faruwa Idan Suka Haɗu a Ciki Ɗaya

Mai hawan jini a Gombe da wuya ka iske ƙwayar asibiti ce kaɗai ke shiga cikinsa. Ga wadda ya karɓo a asibiti ko ya saya a kemis, ga kwalbar man habbatus sauda da aka kawo masa tsarabar Umara, ga zoɓon da uwargida ke dafa masa kullum tun da ta ji an ce yana saukar da jini. In aka tsananta bincike ma, wataƙila a tarar da ƙullin gari a aljihun babbar riga, wanda aka saya wajen mai lasifika ranar kasuwa. Duk ciki ɗaya suke sauka. Hanta ɗaya ce ke sarrafa su, ƙodar nan guda biyu ke tace su, kuma babu ruwan hanta da cewa wannan na Bature ne wancan na gargajiya. Sinadarin da ke ciki kawai ta sani.

Shi ya sa tambayar da aka fi yi, wato "Wannan ganyen yana da kyau ga mai hawan jini?", ba ta amsuwa sai an san ƙwayar da mutum yake sha. Abin da mai shan amlodipine zai ci ya kwana lafiya, shi ne zai iya kai mai shan losartan da spironolactone gadon asibiti. Don haka daga kwalin maganin za a fara.

Daga wane gida ƙwayar ta fito?

Kwalin magani suna biyu gare shi: na kamfani da manyan haruffa, da na sinadarin a ƙasansa da ƙanana. Na ƙasan shi ne abin dubawa, musamman ƙarshensa.

Wanda ya ƙare da "dipine", kamar amlodipine da nifedipine, aikinsa sassauta bangon jijiyoyin jini su buɗe. Masu ƙarewa da "pril", irin su lisinopril da ramipril da captopril, da 'yan'uwansu masu ƙarewa da "sartan", irin su losartan da telmisartan, suna katse wani saƙo ne da ke tasowa daga ƙoda, wanda ke sa jijiyoyi su tsuke, jiki kuma ya riƙe gishiri. In an katse saƙon jini yakan sauka, sai dai ƙoda takan koma riƙe sinadarin fotasiyam fiye da yadda ta saba. Sai masu sa fitsari, waɗanda suka rabu gida biyu, kuma rabuwar nan ita ce rabin zancen da ke tafe. Hydrochlorothiazide da indapamide da furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, suna fitar da fotasiyam tare da ruwa. Spironolactone da amiloride kuwa riƙe shi suke yi. Moduretic da tsofaffi da dama suka saba da shi haɗin biyun ne, amiloride miligiram 5 da hydrochlorothiazide miligiram 50. Masu ƙarewa da "olol", kamar atenolol, suna rage saurin bugun zuciya. Methyldopa, wato Aldomet, masu juna biyu aka fi bai wa.

Tsarin da ake bi a ƙananan asibitocin Najeriya yakan fara da amlodipine miligiram 5. In bai isa ba a ƙara losartan miligiram 50, in an ga da saura a ninka su, daga nan a haɗa da hydrochlorothiazide. Ke nan wanda ya ɗauki shekaru yana shan magani, sau da yawa gida biyu ko uku ne ke aiki a jikinsa lokaci guda.

Kanwa da ruwan toka

A nan ya kamata a daɗe, domin wannan ba a shagon magani yake ba, a madafa yake.

Akwai wani ruɗani da ke rutsawa har da 'yan boko. A Turancin kasuwa ana kiran kanwa "potash", sai mutum ya ɗauka fotasiyam ce, ya kuma tuna ya taɓa karanta cewa fotasiyam na taimakon mai hawan jini. Kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi da Nijar, ko jar kanwa ce ko ungurnu, galibinta sodiyam ce, wato ainihin sinadarin da ake gudu a cikin gishiri. Gishirin girki kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa sodiyam ne, tsantsar sinadarin kanwa kuwa kusan kashi 30. Bambancin da ya sa ake ruɗuwa shi ne kanwa ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, don haka harshe ba ya tsawatarwa. Matar da ta cire gishiri daga miyar maigida, amma tana jefa kanwa a kuka da kuɓewa da wake da ɗanwake, sannan da dare ya jiƙa wata ya sha don kumburin ciki ko ƙwannafi, ta toshe ƙofa ne ta bar taga a buɗe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar cokalin shayi ɗaya shafe, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen ɗanɗano, wanda shi ma kusan rabinsa gishiri ne, da yajin tsire da kilishi. Sodiyam yana jan ruwa ya zauna a jijiyoyi. Maganin sa fitsari yana kwashewa, kanwa tana zubawa. Su "pril" da "sartan" ma ƙarfinsu raguwa yake yi a jikin da ya cika da sodiyam. Abin da ke biyo baya sananne ne: likita ya ga awo bai sauka ba, ya ƙara ƙwaya, alhali cire kanwa da an yi, da ƙwayar farko ta wadatar.

Inda abin ya fi tayar da hankali shi ne ɗakin maijego. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, ciki har da ƙarancin sinadarin seleniyam, don haka ba za a ɗora wa kanwa laifin duka ba. Amma ga matar da jininta ya hau lokacin goyon ciki, aka sallamo ta da nifedipine ko methyldopa, babu wata jayayya: kofin kunun kanwa safe da yamma yana rushe aikin ƙwayar. A sani kuma jinin maijego yakan kai ƙololuwarsa ne tsakanin kwana 3 zuwa 6 bayan haihuwa, daidai lokacin da ta dawo gida aka ɗora tukunyar kunu. A dama mata kununta da tsamiya ko gyaɗa, da kayan ƙamshinsa, a bar kanwar. Wannan magana ce da ya kamata a faɗa wa uwar miji da mahaifiyar maijego da unguwarzoma tun kafin haihuwa, domin su ke riƙe da ludayi. In maijego ta fara haki in ta kwanta, ko tari cikin dare, ko ƙafa ta kumbura, ko kai ya sara har gani ya dushe, asibiti za a kai ta, ba a jira a yi suna.

Ruwan toka kuwa, wanda ake tatsa daga tokar kara a zuba a miya a gidaje da yawa, shi ne mai fotasiyam na gaske. Haka ma "gishirin masu hawan jini" da ake sayarwa a manyan kantuna: an rage sodiyam an cike gurbin da fotasiyam, a wasu ma har kashi biyu cikin uku. Ga mai lafiyayyar ƙoda da ke shan amlodipine kaɗai, wannan gishiri na iya zama alheri. Ga mai shan "pril" ko "sartan", ko spironolactone, ko Moduretic, balle wanda ciwon sukari ya riga ya taɓa masa ƙoda, lamarin ya sha bamban, domin ƙwayar ta riga ta hana fotasiyam fita, ga shi kuma ana ƙara shi da cokali.

Fotasiyam shi ke daidaita wutar da ke sa zuciya bugawa. A gwajin jini ana son ganinsa tsakanin 3.5 da 5.0. In ya haura 5.5 an shiga gargaɗi, in ya kai 6.5 maganar gaggawa ce. Muninsa shi ne sau da yawa ba ya sallama: mutum na iya jin kasala kawai ko nauyin ƙafafu, sai zuciya ta rikice. Ba a gane shi da na'urar awon jini ta gida, sai an ɗebi jini. Ƙa'ida ita ce a yi gwajin ƙoda da sinadaran jini mako ɗaya zuwa biyu bayan fara "pril" ko "sartan" ko spironolactone, ko bayan an ƙara yawansu, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara. Dabino da ayaba da zogale da kuka duk suna da fotasiyam, amma cinsu yadda aka saba ba ya cutar da mai lafiyar ƙoda. Abin kiyayewa shi ne wanda aka tattara wuri guda, kamar garin zogale cokali-cokali sau uku a yini, ko ƙwayoyin ƙarin fotasiyam.

Ta ɗaya gefen ma akwai rami. Filasko da sauran magungunan wankin ciki, da shayin rage tumbi, da yawancin haɗin basir da ke sa gudawa, duk suna zubar da fotasiyam ta bayan gida. In mutum yana kan Lasix ko hydrochlorothiazide, ta hanya biyu ke nan yake asara. Alamunsa ɗaurewar tsoka a sharaɓa, kasala, da faɗuwar gaba. Wanda ke shan digoxin don ciwon zuciya kada ya kusanci irin waɗannan ko kaɗan, domin ƙarancin fotasiyam yana mayar da digoxin guba.

Masu saukar da jini da gaske

Zoɓo yana saukar da jini, wannan ba camfi ba ne. A wani gwaji da Jami'ar Tufts ta Amurka ta wallafa a 2010, an bai wa mutum 65 masu ɗan hawan jini ko dai shayin zoɓo kofi uku a yini ko wani abin sha mai kama da shi, har mako shida. Lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓo ta sauka da kusan maki 7, ta sauran da kusan maki 1. Habbatus sauda, idan aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, tana sauke kusan maki 3. Tafarnuwa ma tana sauke 'yan maki. Ƙwaya guda ta asibiti a ma'auninta na yau da kullum takan sauke maki 9 zuwa 10.

Waɗannan alƙaluma abu biyu suke faɗa. Na farko, wanda awonsa ke 170 ba zai ajiye ƙwaya ya koma zoɓo ya tsira ba, lissafin bai kai ba. Hawan jini kuma ba ya ciwo, don haka "ina jin daɗin jikina" ba shaida ba ce, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Ajiye atenolol farat ɗaya ma yana da nasa haɗarin, domin zuciya takan zabura da gudu.

Na biyu, wanda ƙwaya ta riga ta daidaita shi a 125, in ya ɗora zoɓo mai kauri da man habbatus sauda da tafarnuwa a rana guda, saukar na iya zarcewa. A dubi dattijo a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke haura digiri 40, yana azumi, ya sha maganin sa fitsari da sahur, ya wuni yana gumi a rumfa. Da magariba ya buɗe baki da zoɓo mai sanyi kofi biyu, wanda shi ma yana sa fitsari. A tarawihi ya ɗago daga sujada ya miƙe, sai ido ya yi duhu, kunne ya yi shuu, ya dafa na kusa da shi. Jinin ne bai kai kwanya da wuri ba. Ga mai shekara 70, faɗuwa ɗaya kan iya zama karayar ƙugu. Ana gane wannan cikin sauƙi: a auna yana kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe da minti ɗaya zuwa uku. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10, a koma wa likita ya rage wani abu. Maganar lokacin shan maganin sa fitsari a azumi kuma tun cikin Sha'aban ake yin ta.

Kofin zoɓo ɗaya a yini, marar sukari ko mai kaɗan, yawancin masu shan magani za su iya ɗauka. Na cikin gora da ake sayarwa a bakin titi sukarinsa ya fi amfaninsa yawa ga mai ƙiba ko ciwon sukari. Habbatus sauda kuma darajarta a wajen Musulmi ba abin musu ba ce, kuma kula da adadi bai rage mata komai. Duk abin da ke aiki a jiki yana da ma'auni.

Tafarnuwa da citta suna da wani aikin daban: suna rage daskarewar jini kaɗan. Ta cikin miya ba komai. Amma mai haɗiyar ƙwayoyin tafarnuwa kullum, yana kuma shan asfirin miligiram 75 ko clopidogrel ko warfarin, ya lura da haɓo, da jinin dasashi, da baƙin bayan gida. In za a yi masa tiyata ko cire haƙori, ya faɗa tun da wuri, domin akan so a dakatar da su mako ɗaya zuwa biyu kafin ranar.

Masu tayar da shi a ɓoye

Akwai wata saiwa mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus sus, wadda ake samu a shagunan magungunan Musulunci, ita kaɗai ko a cikin haɗin olsa da na tari da shayin ganye. A jikin kwali akan rubuta Licorice ko Glycyrrhiza. A ƙoda akwai wani mai gadi da ke hana sinadarin kotisol yin aikin riƙe gishiri. Zaƙin wannan saiwa yana ɗaure mai gadin, sai jiki ya shiga tara sodiyam da ruwa yana zubar da fotasiyam. Jini ya hau, ƙafa ta kumbura, gaɓoɓi su mutu. Masana a Turai sun sa iyakar miligiram 100 na sinadarin a yini ga mai lafiya, amma mai hawan jini ƙasa da haka ma na iya taɓa shi, kuma bayan an daina yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin jiki ya koma daidai.

Yadda ake faɗawa tarkonta abin lura ne. Lisinopril da danginsa suna sa wasu mutane busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro. Mutum bai san daga ƙwayar ba ne, sai ya sayi haɗin tari mai irƙus sus. Tarin bai tafi ba, jini kuma ya hau. Maganin wannan tari guda ne, likita ya sauya "pril" da "sartan". Haka kumburin idon sawu da amlodipine miligiram 10 ke kawowa: ba ruwa ne ya yi wa jiki yawa ba, ƙananan jijiyoyi ne suka buɗe, don haka jiƙon sa fitsari ba zai sace shi ba, sai dai ya busar da mutum.

Maganar maza ma haka take, kuma kunya ce ke rufe ta. Atenolol da hydrochlorothiazide suna iya rage wa namiji kuzari, shi kansa hawan jinin da ciwon sukari suna yin haka. Maimakon a faɗa wa likita ya sauya ƙwaya, sai a nufi mai burantashi. Burantashi na asali sassaƙen itacen yohimbe ne, sinadarinsa yana tayar da jini da bugun zuciya, yana kuma sa fargaba da karkarwa. Mafi haɗari su ne garin da kofi da zumar "ƙarin ƙarfi" da ake cewa tsantsar ganye ne, alhali an daka sildenafil ko tadalafil, wato ƙwayoyin maza na asibiti, a ciki, ba tare da an san adadi ba. Hukumomin kula da magunguna, har da NAFDAC, sun sha gargaɗi a kan irin wannan algus. Sildenafil yana buɗe jijiyoyi. In ya gamu da maganin ciwon ƙirji na gidan "nitrate", kamar isosorbide ko wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, jini na iya faɗuwa warwas. Da maganin kumburin mafitsarar tsofaffi, irin su doxazosin da tamsulosin, shi ma yana kawo jiri da suma.

Algus bai tsaya nan ba. Haɗin sanyin ƙashi da ciwon jiki da ke "aiki nan take" sau da yawa akwai diclofenac ko piroxicam ko dexamethasone a ciki, haka ma sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don ƙiba. Dexamethasone yana tayar da jini da sukari, yana kumbura fuska. Diclofenac da ibuprofen da piroxicam kuwa suna rage jinin da ke shiga ƙoda. In suka haɗu da "pril" ko "sartan" da kuma maganin sa fitsari, su ukun, ƙoda na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki, musamman ga manomin da ya wuni a rana bai sha ruwa sosai ba. Mai hawan jini in jiki na ciwo, farasitamol ne abin farawa.

A kan lambar NAFDAC: ta maganin gargajiya takan ƙare da harafin L, kuma ma'anarta an yi masa rajistar wucin gadi bayan duba lafiyar shansa. Ba shaidar cewa yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa ba ce, ba kuma ta ce komai a kan haɗuwarsa da ƙwayarka ba.

Goro da kofi da lemon ƙarin kuzari na gwangwani duk akwai sinadarin "caffeine" mai hana barci a cikinsu. Miligiram 200 zuwa 300 na wannan sinadari yakan ɗaga lambar sama da kusan maki 8 na wajen awa uku. Ɓarin goro ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, amma mai tauna tun safe har dare ya rage. Ƙwayoyin da ke tashi da kumfa a ruwa, kamar wasu bitamin C da gishirin wankin ciki, su ma sodiyam ne ke sa su kumfar.

Masu sauya adadin da ke shiga jini

Garehul, wato babban lemon nan mai ɗaci da Bature ke kira "grapefruit", shi ne shahararre. Wani mai bincike a Kanada, David Bailey, shi ya gano a 1989 cewa ruwansa yana ninka felodipine a jini. A bangon hanji akwai sinadarin da ke lalata wani kaso na ƙwayoyin "dipine" kafin su shiga jini, kuma an yi lissafin wannan asara tun wajen tsara adadin ƙwayar. Garehul yana kashe sinadarin, sai ƙwaya ɗaya ta yi aikin fiye da ɗaya: ciwon kai, zafin fuska, bugun zuciya, jiri. Kofi guda ya isa, kuma jiki yana buƙatar kwana ɗaya zuwa uku kafin ya ƙera sabo, don haka shan ƙwaya da safe a sha garehul da yamma ba dabara ba ce. Ya fi taɓa felodipine da nifedipine, amlodipine kaɗan yake taɓawa. Lemon zaƙi ba ya yin wannan.

St John's wort, wani ganye da ke cikin wasu kayan ƙarin lafiya na 'yan talla don barci da damuwa, akasin haka yake yi: yana zuga hanta ta narkar da nifedipine da amlodipine da sauri, sai jini ya hau bayan mako ɗaya ko biyu. Sinadarin koren shayi, wanda ke cikin ataya mai kauri da ƙwayoyin rage ƙiba, an nuna a Japan cewa yana rage lisinopril da ke shiga jini da fiye da rabi in an sha su tare. A haɗiyi ƙwaya da ruwa zalla.

Wanda ya fi shafar gidajenmu shi ne na mai ciki. A wajen awo ana ba ta jar ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, in jininta ya hau kuma a ba ta methyldopa. Ta haɗa su a tafin hannu ta watsa a baki lokaci guda. Ƙarfen yana manne wa methyldopa a hanji ya hana yawancinsa shiga jini. A nan raba lokaci yana aiki: a sa tazarar awa biyu zuwa uku tsakaninsu. Kada a bar ko ɗaya, dukansu ana buƙata. Matar da ke shan "pril" ko "sartan" kuma, da ta ga ɓatan wata ta garzaya a sauya mata, domin suna cutar da ɗan tayi.

Yadda ake yi a aikace

Wanda yake son gwada zoɓo ko habbatus sauda tare da ƙwayarsa, hanyar ita ce awo. Ya samu na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ba ta wuyan hannu ba. Minti 30 kafin awo babu goro, babu shayi, babu taba. Ya yi fitsari, ya zauna minti biyar a kujera ya jingina baya, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Ya auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin shan ƙwaya da kuma dare, kwana bakwai, yana rubutawa. A gida ana son matsakaicin ya kasance ƙasa da 135 bisa 85. Sannan ya shigo da abu ɗaya tak, a adadi ɗaya, a lokaci ɗaya kullum, ya ci gaba da awo mako biyu zuwa huɗu. In aka shigo da uku tare, ba za a san mai amfani da mai ɓarna ba. Haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba kuwa, ba ya cikin wannan gwaji.

Ranar ganin likita, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya ne ko a ƙaramin asibitin Bajoga ko Kaltungo, a zuba komai a leda a tafi da shi: kwalaye, kwalabe, ƙullin gari, har da ɗan gutsuren kanwar da ake jiƙawa. Ma'aikatan lafiya su ma da nasu gyaran. "Kana shan maganin gargajiya?" tambaya ce da ke jawo "a'a", domin dattijo ba ya son a yi masa faɗa gaban ɗansa, kuma shi a wajensa zoɓo da kanwa abinci ne. "Baba, ban da wannan ƙwayar, me ake jiƙa maka ko a dafa maka a gida?" ta fi fito da gaskiya.

In amai da gudawa suka kama mai shan "pril" ko "sartan" ko maganin sa fitsari, kamar yadda akan yi fama da damina, a tuntuɓi ma'aikacin lafiya a ranar. Yawanci akan dakatar da su har sai mutum ya koma ci da sha na kwana ɗaya zuwa biyu, don kare ƙoda. Awon da ya yi ƙasa da 90 bisa 60 tare da jiri, mutum ya kwanta a ɗaga ƙafafunsa, kada a ƙara ƙwaya sai an ji daga likita. Awon da ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, ko haki, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, asibiti kai tsaye, ba a tsaya dafa zoɓo ko dakan tafarnuwa ba.

In kuma ciwon ƙirji ne ya kai magidanci sashen gaggawa, abu na farko da za a iya sa masa a ƙarƙashin harshe shi ne "nitrate". Idan ya sha wani maganin maza, ko na kemis ko na ƙulli ko na cikin kofi, a cikin awa 48 da suka wuce, ya faɗa wa likita kafin a ba shi komai. In da mutane a wajen, ya ce yana son magana da likita shi kaɗai.